Ruwan Kumfa da Ƙafar Illo

Tun da na dawo daga Kano ban yi ɗinkin kirki ba. Da na ɗora ƙafa a kan keke sai wani ya leƙo rumfa, ya yi mini barka da hanya, ya ja benci ya zauna, ya ce, "To Mutari, yaya Kanon?" In na ba shi labari ya tafi, wani ya zo, sai a koma farko. Abin da ya fi ba ni haushi, labarin yakan fita daga rumfata daidai, ya zagaya kasuwar Magariya, ya dawo mini ban gane shi ba. Jiya wani ya rantse mini cewa a Kano an cire wa Illo ƙafa an sa masa ta wani. Shi ya sa na ce bari ɗan karatun lakwal, wato boko, da na yi ya yi rana, in rubuta abin yadda ya faru. Wanda ya iya ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma a bar ni in gama kayan mutane.

Illo taubashina ne, ɗan Gwaggo Harira ƙanwar babana. Suna zaune a wani ƙauye gabas da Dungas, a kan hanyar Mallawa. Tun muna yara ba mu haɗuwa sai da tsiya, ni in ce shi bawana ne, shi ya ce ni ne nasa, har yau ba a raba gardamar ba. Shi kaɗai ya rage wa Gwaggo cikin 'ya'yanta maza, kuma shi ke noma gidan tun rasuwar mahaifinsa.

Da kakar bara yana saran itace, gatari ya kuɓuce ya same shi a ƙwauri. Saran ya yi zurfi, ƙasa ta shiga. Aka kai shi likita a Dungas. Amfirmiye, wato ma'aikacin da ke wankin ciwo da yin allura, ya ɗauko wata butali mai duhu ya tsiyaya wani ruwa garau kamar na rijiya. Nan take ciwon ya tafasa, farar kumfa ta taso tana shuuu, ta turo ƙasa da haki waje. Gwaggo na tsaye tana kallo, kuma daga ranar ta ba da gaskiya da ruwan nan.

Amfirmiye ya ce a riƙa kawo shi wanki, amma ƙauyen da nisa, ga aikin kaka. Sai Gwaggo ta gano cewa fataken da ke shigowa daga Nijeriya ranar kasuwar Mallawa suna sayar da irinsa. Mutanen wajen suna ce masa ruwan kumfa, kuma kowa ya san ƙa'idarsa: kumfar nan dafin ciwo ne ke fita, a yi ta zubawa har ranar da aka zuba bai yi kumfa ba, ran nan ciwo ya tsarkaka. Ni ma haka na sani. Gwaggo ta riƙa zubawa safe da yamma da hannunta, ko matar Illo ba ta yarda ta taɓa ba. Kaka ta wuce, sanyi ya wuce, bazara ta shigo, kumfa ba ta daina ba. Ciwo ya zama gyambo mai faɗin tafin hannu.

Da aka koma Dungas, amfirmiye ya duba ya girgiza kai. Ya ce a tafi babbar likita, wato babban asibiti, a Damagaram, kada a ɓata lokaci, don in abin ya kai ƙashi sai dai a yanke. Ba wanda ya gaya masa zancen zubin gida, don ba wanda ya ɗauke shi abin faɗa. Illo da ya ji an ambaci yanka ya ce ko a mafarki ba ya taka Damagaram. Ana cikin haka wani ɗan kasuwa ya gaya wa Gwaggo cewa wanda ake kawowa Mallawa an sirka shi, na ainihin yana Kano, zubi ɗaya yake kwashe dafi duka. Ta aiko aka kira ni.

"Kai ka yi lakwal, kai za ka kai ɗan'uwanka," in ji ta. "Ka dawo mini da shi da ƙafarsa, Mutari. Ban ce maka komai ba sai wannan."

To ku ji da kyau, mu ba ganin likita ya kai mu Kano ba. Kumfa muka tafi saye.

Gwaggo ta ɗaure mana ƙuli-ƙuli da dunƙulen fura, ta naɗe sauran butalinta a tsumma ta damƙa mini, ta sa na yi alkawarin zubawa safe da yamma har mu sami mai ƙarfin. Amalanken shanu ya kai mu Dungas, daga nan muka biyo kamyo, babbar motar kaya, zuwa Magariya, muka kwana gidana. Washegari muka sami wata kamyon da ta yi lodin wake da fatu za ta Babura. Direba ya ga halin Illo, ya sa aka gyara masa wuri a kan buhuna, ya miƙe ƙafa kamar mai sarauta. Ni aka cusa ni tsakanin fatu.

"Haka ya kamata," in ji Illo. "Ubangida a sama, bawa wajen wari."

Na ce masa warin da ake ji a motar nan ba na fatu ba ne, kuma kowa ya san daga inda yake fitowa. Aka yi dariya, shi ma ya yi, amma na ga ya ja bakin zane ya rufe ƙafar. Na ji ba daɗi.

Ban taɓa sanin ƙasar nan cike take da likitoci ba sai a bayan kamyon nan. Wani dattijo mai rediyo a rataye ya ce a fasa tsohon batir a barbaɗa baƙin cikinsa. Wata Hajiya mai fataucin tabarmi ta ce ƙarya ne, man shanu da kanwa ne magani. Wani Bafillace da bai ce uffan ba tun Magariya ya buɗe baki ya ce kashin saniya mai ɗumi, ya sake rufe bakinsa. Illo ya saurare su duka, ya ce Allah ya saka, amma shi yana da maganin da ake ganin aikinsa da ido.

A iyaka, 'yan duwan ɗinmu, wato kwastan, sun san direban, suka dubi katinmu suka ɗaga itace. A ɓangaren Nijeriya ne aka sauke mu duka, ban da Illo. Wani ɗan kwastan dogo ya zazzage jakata, ya warware tsumman Gwaggo, ya ɗaga butali ya duba ta a rana.

"Malam, giya ce ka ɓoye a tsumma?"

Na ce magani ne. Ya ce duk haka ake cewa. Kafin in sake magana Illo ya kira shi daga kan buhuna: "Ranka ya daɗe, matso ka ga giyar." Ya kwance ƙafa, ya karɓi butali ya tsiyaya. Kumfa ta taso fari fat. Ɗan kwastan ya ja da baya yana toshe hanci, sannan ya sake matsowa, don shi ma abin ya ba shi mamaki. Ya ce, "Duk wannan dafi ne?" Illo ya ce duk dafi ne. Mutumin ya naɗe mana butalin da hannunsa, ya ce Allah ya ba da lafiya.

A Babura muka canja mota. Rana ta take, jakata na kan cinyata, ƙarfen mota ba ya taɓuwa. Can sai muka ji fau! Direba ya taka burki yana zaton taya ce, mata suna salati. Ashe toshiyar butalin ce ta yi tsalle a cikin jaka. Rabin ruwan ya tsiyaye a kan shuɗiyar rigar da na ɗinka musamman don shiga Kano, kuma da ta bushe sai ga wani ɓangare ya koɗe kamar an shekara ana wanke shi. Illo bai ko dubi rigar ba, ruwan yake wa jimami. Ni kuwa tun daga nan wata tambaya ta maƙale mini. Ruwa ne ba a ɗora a wuta ba, ba tsami ya yi ba kamar fura, to me ya taru a cikinsa har ya ture toshiya?

A Kano muka sauka a Fagge, gidan Alhaji Gambo, mutumin wajenmu ne da ya daɗe can yana saukar da baƙin Damagaram. Kanawa 'yan Faranshi suke ce mana, ko da yake Hausa ɗaya muke yi da su, sai dai mu mu ce butali su ce kwalba, mu ce likita su ce asibiti. Gaisuwarsu gajera ce. Kana cikin tambayar mutum gida da iyali da gajiya, sai ka ga ya riga ya kai bakin titi. Burodinsu ba dogo ba ne irin namu, murabba'i ne mai laushi da zaƙi, in ka matsa shi sai ya koma dunƙule ɗaya. Miya kuwa ja wur da manja, Illo ya ce shi bai saba cin tuwo da fenti ba, amma ya cinye kwano. Furarsu ce ban yafe ba, ruwa ce aka nuna wa gero daga nesa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne telolinsu. Na ga keken da ke aikin wuyan riga da lantarki, abin da nake kwana da kwanaki a kai da allura shi kafin ka gama shan shayi ya gama. Na tsaya kallo har mai shagon ya tambaye ni ko ɗinki na kawo.

Da safe muka shiga wani kantin magani a Sabon Gari. Mai kantin Inyamuri ne, Hausarsa ta fi ta wasu Hausawan. Na ce muna son ruwan kumfa na ainihi, mai ƙarfin. Ya ɗauko kwalba ya ajiye, na duba, irin ta Gwaggo ce sak. Na ce ba wannan ba, wanda ya fi shi. Ya ce wanda ya fi shi mata ke saye su canja launin gashi, in aka zuba a ciwo sai ya ƙone nama. Sannan ya leƙo ta kan kanta ya dubi ƙafar Illo, ya mayar da kwalbarsa kan shiryayye.

"Wannan ƙafa ba ta kanti ba ce. Ku tafi asibiti yau, ba gobe ba."

Illo ya ce ai asibiti can ake yanka, shi gida zai koma. Muka yi ta ja a bakin titi. Da na ga ba ci gaba sai na ce masa mai kantin ya raɗa mini cewa mai ƙarfin gwamnati ta hana sayarwa, sai a asibiti ake zuba wa mutum. Ya harare ni, ya ce bawa ba ya faɗa wa ubangidansa gaskiya, amma ya hau tasi.

Asibitin gari guda ne. Muka yanki kati, muka bi layi har bayan azahar. Likitan Ba'indiye ne, wata nas mai suna Saratu ke yi masa tafinta. Ya duba ƙafar, ya danna gefenta, ya ce bai ga alamar ta kai ƙashi ba tukuna, amma saura kaɗan. Ya goga auduga a ciwon ya jefa a wata 'yar kwalba, ya ce a kai ɗakin gwaji, Illo kuma a ba shi gado. Nas Saratu ta tambaye ni me muke sa wa ciwon a gida. Na fito da butalin Gwaggo ina alfahari, na ce safe da yamma, tun kaka, ba fashi. Ta dube ni kamar na ce mata na kashe mutum. Ta karɓe butalin ta jefa a aljihun tebur, ta ce kada mu kuskura mu sake, ta kira na gaba. Ba bayani, ba komai. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata, ga maganin da amfirmiye da kansa ya fara zubawa, yau an mayar da ni mahaukaci a gaban mutane.

Bayan kwana biyu aka aike ni ɗakin gwaji karɓo sakamako. Mai aikin wurin wani Malam Ɗanjuma ne, mutumin kudancin Zariya, gajere mai furfura a gefen kai da farar riga har gwiwa. Ina tsaye a taga sai na hango kwalbar ruwan kumfa a kan teburinsa. Ban san lokacin da na ce, "Af! Kun ƙwace namu, ashe ku kuna nan kuna amfani da shi" ba. Ya ɗago ya tambaye ni ko ni ne ɗan'uwan mai gyambon nan na Faranshi. Na ce ni ne. Ya ce in zagayo in shigo, kada in taɓa komai.

Ya ɗauko wani faifan gilashi mai murfi. A ciki akwai wani abu kamar romon ƙafar sa da ya kwana ya daskare, a kansa ɗigo-ɗigo masu ruwan ɗorawa kamar an watsa gero. Ya ce abin da aka gogo daga ƙafar Illo ne ya shuka, ya tsiro. Kowane ɗigo gari ne na ƙwayoyin cuta, halittu masu rai da ido ba ya gani. Ya sa na leƙa madubinsa mai girmama abu, na ga wasu 'yan ƙulla-ƙulla a cure kamar 'ya'yan kanya. Na daɗe ban ɗago ba. Sannan ya lakato ɗigo ɗaya da tsinke ya shafa a ɗan gilashi, ya ɗiga ruwan kumfa. Ya tafasa.

"Ka gani!" in ji ni. "Dafi ke nan."

Ya ɗauko wani faifan na wani majinyaci, ya ce waɗannan ma mugaye ne, sun kwantar da mutum. Ya lakata, ya ɗiga. Shiru, ko kumfa ɗaya. Ya ce to ina dafin waɗannan ya tafi? Ya ce in ba shi yatsa. Ya soke ni da allura, ya matso jini a gilashi, ya ɗiga. Jinina ya yi kumfa har ya fi na Illo. Na ce, "Malam, ni ma ina da shi?" Ya yi dariya har da riƙe tebur.

Ga abin da ya gaya mini, yadda na fahimta. Ya ce iskar da muke shaƙa akwai wani sashe nata da ke raya mu, kuma shi ne dai ke sa ƙarfe ya yi tsatsa. Duk mai ran da ke amfani da iska, tana barin masa ɗan tartsatsi a jiki, abin da in ya taru zai ƙone shi daga ciki. Ruwan kumfa ɗaya ne daga cikin irin tartsatsin nan, aka sami dabarar zuba shi a kwalba. To halittar da ta zauna da iska dole ta tanadi abin kashe tartsatsi. Yawancinsu suna da wani sinadari da ke kama ruwan nan ya raba shi biyu, ya zama ruwan sha da iska. Iskar ce ke fitowa ta yi kumfa. Zafin rana ma yana raba shi a hankali, abin da ya ture mini toshiya a mota ke nan.

"Kumfar da kuke gani ba dafi ne ke fita ba," in ji shi. "Garkuwa ce ke aiki. Ƙwayoyin ƙafar ɗan'uwanka suna da ita, jininka yana da ita, naman kowane mai lafiya yana da ita, hanta ma ta fi kowa. Waɗancan na biyun ba su da irin wannan, shi ya sa ka ga shiru."

Na ce to me ya sa amfirmiye ya zuba? Ya nuna mini wata tukunyar ƙarfe da aka ɗaure murfinta tam. Ya ce a ciki yake renon wasu ƙwayoyin da ba su da garkuwar kirki, iska kanta azaba ce gare su, sai a wurin da ba ta shiga suke yaɗuwa. Irinsu ne ke zama a ƙasa da kashin dabbobi, su shige can ƙasan sara mai zurfi, su kawo ciwon nan da ke sanƙarar da mutum ya ɗaure masa haƙora. Don su, da don turo datti waje, zubin ranar farko daidai ne, amfirmiyenku ya yi aikinsa. Ya ƙara da cewa jikinmu ma ya san wannan makami, don akwai wasu ƙwayoyi a jini da ke haɗiye ƙwayar cuta su ƙone ta da irin ruwan nan, ɗan mitsitsi, a daidai inda ake bukata. Kuma wai masu binciken abin sun lura cewa wasu ƙwayoyin cutar in suka sha iska da yawa sai su ƙara garkuwa, kamar yadda hannun manomi ke yin kanta.

Ni tambayoyi suka yi ta zuwa mini. Su wa suka koya musu? Suna jin zafi? In ba su da baki, da me suke sha? Wasu ya amsa, wasu ya ce shi ma bai sani ba, kuma na ji daɗin da bai yi mini ƙarya ba. Can na yi tambayar da ta kawo ni: to yaushe kumfa za ta daina a ƙafar Illo?

"Muddin akwai nama mai rai a wurin, ba za ta daina ba."

Ya ce sabuwar fatar da ciwo ke yi don ya rufe siririya ce ƙwarai, garkuwarta ba ta iya tare ambaliya safe da yamma. Ƙwayoyin cutar da suka lafe a lungu su tsira, sabuwar fata ta mutu. Nan na gane, don sana'ata ce: jikin Illo yana ɗinki, ana bin sa ana warwarewa, tun kaka. Na tuna Gwaggo durƙushe da butalinta, na nemi kujera na zauna.

Aka yi wa Illo allurai, aka rataye ƙafar sama, ana wanke ta da ruwan gishiri kawai. Ya yi ta mita cewa an kawo shi Kano ana yi masa wanki da ruwan miya. Amma wari ya tafi, ciwon ya yi ja mai kyau. Daga baya likita ya yanko fata siririya daga cinyarsa ya shimfiɗa a kan gyambon. Da aka buɗe na duba aikin da idon tela, na ce wa Illo facin ya zauna, sai dai yadin tsoho ne. A ranar ne na ba shi labarin ɗakin gwaji duka.

"Kada ka gaya wa Inna," in ji shi. "Don Allah, Mutari. Ka dai ɓoye duk butalin da ka gani a gida."

Wannan ne karo na farko a tafiyar da ya kira ni da sunana.

Da za a sallame mu, Nas Saratu ta nuna mini yadda ake tafasa ruwa da ɗan gishiri a bar shi ya huce, a wanke gefen da bai gama rufewa ba da tsumma tafasasshe. Ta ce in ruwan kumfa ya taɓa facin nan zai iya mutuwa, a koma gidan jiya ko abin da ya fi shi. Muka biyo hanyarmu ta Babura, Illo da sanda, muna tafe ina tunanin abu ɗaya. In na ɓoye butali, ranar kasuwar Mallawa Gwaggo za ta sayo wata, ni kuma ina Magariya.

Mun isa ƙauye da hantsi. Gwaggo ta fito ba ko mayafi, ta durƙusa ta shafa ƙafar tun daga gwiwa har yatsu tana hamdala. Ta sa aka yanka ɗan akuyan da ta yi kiwo da hannunta. Ana cikin fiɗa ta shiga ɗaki ta fito da sabuwar butali, ta ce tun da muka tafi ta tanade ta, bari a ga ko da sauran dafi. Illo ya dube ni, ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Gwaggo, ɗan akuyan nan yana da wata cuta?"

"Wace irin cuta? Ni na ba shi dusa da safen nan."

Na je na yanko hanta tana ɗumi, na ɗora a kan faifai a gabanta. Na ce ta zuba da hannunta. Ta dube ni kamar na zautu, amma ta tsiyaya. Hantar ta tafasa, kumfa ta hau ta malalo ta gefen faifai ta zuba ƙasa, irin wadda ƙafar Illo ba ta taɓa yi ba. Na gaya mata abin da Malam Ɗanjuma ya ce, a taƙaice, ban ƙara ba ban rage ba. Da kumfar ta kwanta, ta sa yatsa ta juya hantar. Inda ruwan ya taɓa ya yi fari-fari kamar an soma dafa shi.

Sannan ta ce, a hankali, "Ashe ni ce nake cin naman ɗana."

Ta tashi ta shiga ɗaki ta saki labule. Aka gasa nama, ba ta fito ba. Da la'asar lokacin wanki ya yi, na tafasa ruwa da gishiri, ya huce, matar Illo ta kawo ƙwarya ta durƙusa za ta kwance ƙafar. Illo ya janye. Na ce to kawo in yi, ya ce in matsa. Ya dogara sanda ya ɗingisa har ƙofar ɗakin uwarsa, ya zauna a ƙasa, ya tura ƙafar ta ƙarƙashin labule.

"Inna, ruwa na hucewa."

Daga ciki ta ce ya ba matarsa, ita hannunta ba shi da kyau.

"Hannun da ya hana ta ruɓewa wata da watanni? In ba ke ba, ba mai taɓa ta. Sai dai ta kwana haka."

Ban sani ba ko abin da ya faɗa gaskiya ne a wajen Malam Ɗanjuma, kuma ban gyara masa ba. Muka yi tsaye da ƙwarya a hannu. Can labule ya motsa, Gwaggo ta fito idanunta jajur, ta zauna a dokin ƙofa ta ɗora ƙafar a cinyarta. Ba ta dube ni ba, ta miƙo hannu na ba ta tsumman.

"Nuna mini, Mutari," in ji ta. "Daga wane gefe ake farawa?"